Ɗanyar Fata a Bindigar Labaran

Ni Barira, tun da nake ban taɓa ganin babban mutum mai gemu yana taka rawa da rana tsaka ba, sai ranar da maigidana Labaran ya shigo da bindiga. Ya naɗe ta cikin tsohon bargo, ya rungume a ƙirji, ga rawa ga sanɗa, sai ka ce wanda ya ɗauko jaririn da aka samu ya yi barci da ƙyar. Gidanmu a Jikwoyi gidan haya ne, kowa na ganin tukunyar kowa, don haka kafin ya kai ƙofar ɗakinmu matan gidan duk sun leƙo.

"Maman Fiddausi, shimfiɗa tabarma! Sabuwar!"

"Baƙi muka yi?"

"Wace irin baƙi? Ke dai shimfiɗa!"

Na shimfiɗa. Ya warware bargon a hankali, bakinsa har kunne. Tsohuwa ce tukuf, ƙotarta ta koɗe, tsatsa ta ɗan hau bututun, ga wani madubin hange a bisa kanta mai kama da ƙaramar tocilan. Na ce, "Yanzu Malam saboda wannan ne ka hana kanka shayin safe tun bara?" Ya ce in yi magana a hankali. Wai kada ta ji.

Bari in gaya muku dalili, kada ku ɗauka mijina ya zautu. Labaran mai tsire ne, teburinsa na bakin titin da ya miƙe zuwa Karshi. Amma ɗan Jatau Maharbi ne, wanda har yau a ƙasar Ningi in ka ambaci sunansa tsofaffi sai sun gyara zama. Uban ya rasu Labaran bai gama mallakar hankalinsa ba, neman abinci ya jawo shi Abuja, shi ke nan ɗan maharbi ya ƙare a gasa naman da wani ya yanka. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Amma duk kaka, in mafarautan Karshi suka wuce a a-kori-kura da karnukansu suna busa ƙaho, hannunsa sai ya tsaya cak da mafici, ya bi motar da ido har nama ya ƙone. Wallahi abin yana ci mini rai.

Su kuwa mafarautan ba a shiga cikinsu da baki. Ranar buɗe daji, shugabansu Sarkin Baka yakan sa a rataye gora a reshen ɗorawa a hayin rafi, sabon shiga ya tsaya a wannan gaɓar ya harba. Sau biyu ake ba ka. In ka fasa gorar, an karɓe ka, a buga maka ganga da sunan ubanka. In ka kuskure sai baɗi, kuma su laƙa maka sunan da zai bi ka har kabari. Akwai wani bawan Allah mai sayar da katifa, jikoki gare shi yanzu, amma har gobe Mai Harbin Gajimare ake ce masa.

Bindigar a hannun Baba Bartholomew ya saye ta, maƙwabcinmu, tsohon soja da kowa ke kira Baba Soja. Da ita yake farauta a duwatsun garinsu kafin idonsa ya fara hazo. Shi ya raka Labaran duk zirga-zirgar neman izini har aka kammala, kuma shi ya ce sai ya ga ta daidaita kafin ya sakar masa ita.

Ranar gwaji na farko har da ni. Na ce ba za a yi ba ni ba, na dafa dankali na bi su. Muka shiga can bayan Karshi, gindin wani tudu, inda Baba Soja ya ce ko harsashi ya ɓace ƙasa zai ci ba mutum ba. Aka kafa kwalin taliya, aka zana da'ira da gawayi. Labaran ya kwanta rub-da-ciki, ya yi bisimilla, ya danna kunama.

Tau!

Kwali na nan lafiyarsa lau. Wani suri da ke gefe, wanda bai tsare wa kowa komai ba, shi ya yi ƙura.

Ya sake. Wannan karon harsashin ya bi ta sama, ganye ya zubo. Na gaba ya huda ƙasan kwalin, na bayansa ya koma wa surin nan. Jama'a, na riƙe dariya, na riƙe, na cusa gefen mayafi a baki, ina! Sai da ta ƙwace. Na zauna a ƙasa ina riƙe ciki. Labaran ya waiwayo idonsa ja.

"Maman Fiddausi, in dariya kika zo yi, ga hanya."

"Yi haƙuri Malam. Gara ce ta ba ni tausayi."

Baba Soja shi ma dariyar yake. Hausarsa irin ta barikin soja ce, ba ruwansa da mace ko namiji. Ya ce, "Mai Suya, kar ka damu. Bindigan nan bai mutu ba, rashin lafiya ne. Damina nawa yana kwance ƙarƙashin gado! Oya, mu je asibiti."

Asibitin kuwa tsakar gidanmu ne. Kowace safiya kafin Labaran ya tafi mahauta sai a baje tabarma. Abu na farko da Baba Soja ke yi, ya buɗe bindigar ya leƙa, ya sa Labaran ya leƙa, ni ma in leƙa, a tabbata ba harsashi. Sai aka fara wankin ciki: dogon tsinke na ƙarfe da tsumma a kai, a tura a zaro. Tsumman farko ya fito kamar an goge gindin tukunya. Aka yi ta yi har na ba da tsohon ɗankwalina aka yayyaga, sai da tsumma ya shiga fari ya fito fari.

Da aka zo sa mai, Labaran ya ruga ɗaki ya fito da kwalbar man gyaɗan da yake shafa wa tsire.

"Kai! Kai! Kai!" Baba Soja ya daka tsawa. "Suya za ka yi da shi? Kawo yaji mana, da albasa!"

Matarsa Mama Christina, da yake tela ce, ta miƙo man keken ɗinkinta tana dariya har da hawaye. Ɗigo kaɗan aka sa, aka goge. Sai sukurorin da ke riƙe da madubin, ashe duk sun saki, madubin na rawa kamar haƙorin tsohuwa. Labaran ya kama sukundireba zai murɗa da ƙarfin tuwo, Baba Soja ya buge masa hannu, ya ce ba tayar tirela ba ce, a ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har su zauna, shi ke nan.

Babbar cutar dai tana ƙasa. Baba Soja ya ce in yago masa takardar naɗe tsire. Ya zura ta tsakanin bututun da itacen da bututun ke kwance a kai, ya ja. Ta tafi kaɗan ta cije.

"Ka gani? Ruwan damina ya kumbura itace, ya kama shi. In ka harba, ƙarfen nan yana rawa. Ka bar shi ya yi rawan shi, kullum iri ɗaya zai yi, harsashi ya tafi wuri ɗaya. In itace ya taɓa shi, yau gabas, gobe yamma."

Aka kwance itacen, aka naɗa sanfefa a jikin guntun sanda, aka yi ta gugar kwarin. A guga, a mayar, a gwada takarda. Gwajin takardar ni aka bar wa, don Baba Soja ba ya gani sosai, Labaran kuwa zumuɗi ya sa hannunsa rawa, ya yaga takarda ta fi a ƙirga. Ranar da na ja ta ta wuce sumul daga baki har gindi, ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Wata maƙwabciya ta fito da gudu tana tambaya wa ya haihu.

Muka koma gindin tudun nan da sabon kwali. Baba Soja ya sa aka cika buhu da yashi aka ɗora bindigar a kai. Labaran ya harba, ya jira ta huce, ya harba, ya jira, ya harba. Muka ruga. Ga hudojin nan a cure wuri guda, tafin hannuna ya rufe su, sai dai sun ɗan yi hagu da da'irar. Baba Soja ya murɗa wani ɗan maɓalli a jikin madubin, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Aka sake. Tsakiyar gawayi!

Labaran ya yi wulli da hula. Ya rungume Baba Soja ya ɗaga shi sama, tsoho na ihu a sauke shi, ƙugunsa. Ya ɗauki kwalin nan ya kawo gida ya kafe a bango kusa da hoton aurenmu, kuma in gaya muku gaskiya kwalin ya fi samun wuri mai kyau.

"Daga yau," in ji Baba Soja, "kar kowa ya taɓa shi. Ko ƙuda ya sauka, ka kore shi."

Ya faɗi haka, ya tafi Akwanga bikin jikarsa, ya ce sai dai mu haɗu a filin ranar buɗe daji.

Bayan tafiyarsa sai ga Baffa Abdulhakim, ƙanin mahaifin Labaran, ya diro daga ƙauye. Labari ya kai masa ta waya cewa ɗan Yaya Jatau ya yi bindiga, ya ce ko da rarrafe sai ya zo. Na durƙusa na gaishe shi, na kawo ruwa. Ya juya bindigar, ya jinjina, ya yaba. Sai ya ɓata fuska.

"Amma tsirara za ka fita da ita?"

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata 'yar laya baƙa wuluk, ta sha hannu har tana ƙyalli. Ya ce ita ce ke ɗaure a harba-ka-rugar Yaya Jatau tun yana saurayi. Bindigar ta ruɓe, shi ya cire layar ya adana, yana jiran wannan rana. Labaran ya karɓa da hannu biyu.

A gidan su Labaran haka ake yi: a samo ɗanyar fatar wutsiyar sa, a zura ta a wuyan bindiga ta haɗe ƙarfe da itace, a cusa layar a ciki, a ɗinke. In ta bushe sai ta kama gam. Labaran da mahauta, kafin azahar ya kawo wutsiya. Baffa ya zauna ya yi aikinsa tsaf, ɗinki kamar na baduku.

Na ja Labaran gefe. "Malam, takardar fa? Baba Soja ya ce kada a taɓa."

"Itace ya ce kada ya taɓa ƙarfe. Wannan ai fata ce. Taɓa ki ji, laushi gare ta kamar kunnen ɗan akuya."

Na taɓa, da laushinta kuwa. Kuma wallahi ta yi kyau. Na sake rangaɗa guɗa. Aka jingine ta inda rana ke bugawa, fata ta bushe ta ƙame, in ka ƙwanƙwasa sai ta amsa kamar kalangu.

Ranar buɗe daji tun da hantsi bakin rafi ya cika. Karnuka, ƙaho, ganga, maza sanye da rigunan layu, mu mata muna gefe da robobin zoɓo da kunun aya. Ni sayarwa na ce na zo yi, amma ko kofi ban iya riƙewa. Sarkin Baka na zaune a kan kujerar roba, dattijo siriri mai furfura. Can hayi gora na lilo a reshen ɗorawa, ƙarama kamar lemo. Baba Soja bai iso ba.

Aka kira Labaran. Ya fito yana taku ɗai-ɗai, Baffa na biye da shi yana baza riga. Ya durƙusa, ya ɗora bindigar a kan kututture, ya daɗe yana saiti.

Tau!

Gora ko gezau. Can sama, nesa da ita, wani busasshen reshe ya karye ya faɗo.

Filin ya ɗauki ihu. Wani ya ce, "Mai tsire itacen gashi yake sara!" Wani ya ce, "Mai Harbin Gajimare ya samu ƙane!" Shi kuwa mai katifar har da tafi. Na dubi Labaran, ya yi zuru yana kallon bindigar kamar ta zage shi.

Sai ga ɗan acaɓa ya keto taron, Baba Soja a baya da hular biki. Ya sauka yana ɗingishi, ya kai fuskarsa dab da bindigar, ya shafa wuyanta. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Wa ya shaƙe shi?"

"Ni ne," in ji Baffa. "Haka muka gada."

"Baba, na gidanku harba-ka-ruga ne, in ba a ɗaure ba zai watse. Wannan ba ya son ɗauri! Mai Suya, cire harsashi. Yanka abin nan."

Labaran ya cire harsashin. Baffa ya riƙe masa hannu.

"Layar ubanka ce a ciki. Fatar ta kama ta, ba ka san inda take kwance ba. Ka sa wuƙa ka tsarge ta, me ya rage maka nasa? Ko hoto bai bari ba."

Sarkin Baka ya ce, "Samari, rana na yi. Saura maka ɗaya. Ko ka harba, ko ka ba na bayanka wuri."

Na ga mijina tsaye, bindiga a hannu, Baffa a dama, Baba Soja a hagu. In ya harba a haka, ya zama abin dariya har jikokinsa. In ya yanka ya ɓata layar, ba zai yafe wa kansa ba. Tausayinsa ya kama ni.

Sai ya sa hannu a ƙugu ya zaro wuƙarsa ta tsire. Wuƙar nan da yake fere nama da ita fale-fale har ka hango wuta ta cikinsa. Wani ya yi dariya, ya ce a kawo yaji. Labaran bai ko ɗaga kai ba. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya ɗora bindigar a cinya, ya bi fatar da babban yatsa a hankali kamar yadda yake laluben jijiya a jikin tsoka. Ya tsaya. Ya juya ta. Ya kwantar da wuƙar, ya fara fere, siriri, siriri. Hannun nan da ke yaga takarda saboda zumuɗi ko rawa bai yi ba.

Fata ta yi ɗas, ta buɗe. Layar ta faɗo a tafin hannunsa, ko ƙwarzane babu.

Baffa ya ce, "Allahu Akbar."

"Maman Fiddausi!" Baba Soja ya ƙwala kira. "Takarda!"

Ni da ko gaban maza biyu ba na son wucewa, ban san yadda aka yi na keta mafarauta da karnukansu ba. Na yago takardar da na rufe kofuna da ita, na durƙusa, na zura, na ja. Ta wuce sumul. Na ce, "Ta wuce, Malam! Wallahi ta wuce!"

Labaran ya miƙa wa Baffa layar, ya naɗe hannun rigarsa. "Baffa, ɗaura mini a nan." Baffa ya tsinke igiyar hularsa ta malfa ya ɗaura masa a damtse.

Labaran ya mayar da harsashi. Ya durƙusa. Ni dai na rufe ido, na ce Ya Allah, mutumin nan bai taɓa roƙon komai don kansa ba.

Tau!

Ihun da na ji ne ya buɗe mini ido. Igiya kawai ke lilo a reshen ɗorawa. Ƙaho ya ɗauka, karnuka suka rikice, Baba Soja ya jefa hular bikinsa sama ta faɗa rafi. Ni kuwa na yi tsalle na kifar da robar zoɓo gaba ɗaya, ban ko waiwaya ba. Mai katifa ne kaɗai bai yi tafi ba.

Sarkin Baka ya ɗaga hannu aka lafa. Makaɗi ya matso da gangarsa, ya tsaya gaban Labaran, ya ɗaga gula.

"Sabon maharbi, da sunan wa za mu buga?"

Labaran ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya dafe layar da ke damtsensa, ya sake buɗe baki, sai hawaye shar-shar cikin gemu. Na dubi Baffa, shi ma ya rufe fuska da hannun riga. Makaɗi na jira, gula a sama, duk fili na jira.

Matar kirki ba ta kama sunan surukinta, ko a ɗaki balle a bainar jama'a, kuma ni tun da aka kawo ni gidan Labaran ban taɓa ba. Na cika ƙirjina da iska.

"Jatau!" na ce, har hayin rafi sai da ya amsa. "Ɗan Jatau Maharbi ne!"

Ganga ta ɗauka da sunan, mafarauta suka karɓa. Labaran ya tsaya a tsakiyarsu da wuƙar tsire a ƙugu, yana kuka yana dariya, yana jin ana kiran ubansa da ƙarfi a garin da ba wanda ya taɓa saninsa.